Karuwanci da Safarar Mutane: Wa Ya Kamata Doka Ta Kama?

Maryam S.
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu taɓa wani batu mai nauyi a baki, wanda ake yawan kauce masa alhali rayuka na salwanta a cikinsa. Ƙasashen duniya sun rarrabu kan yadda za su ɓullo wa karuwanci. Wasu suna kama kowa, mace da namiji da kawali. Suwidin tun 1999 ta ce mai saye ne mai laifi, ba a taɓa macen. Holan a 2000 da Jamus a 2002 suka halatta abin, suka sa masa lasisi da haraji. Niu Zilan kuma a 2003 ta cire shi daga cikin laifuka. Kowace ƙasa tana cewa hanyarta ce za ta karya lagon masu safarar mutane.

Wadda ke raina ita ce yarinyar da aka yaudara da alƙawarin aiki, aka fitar da ita wata ƙasa, aka karɓe fasfonta, aka ɗora mata bashin da ba ta ci ba. A cikin hanyoyin nan wace ce ta fi cetonta? Don Allah a zo da hujja, ban da zagi.

Ibrahim K.
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ni ban ga abin jayayya a nan ba. Alfasha ce, kuma haramun ce. A rufe gidajen, duk wanda aka samu a ciki a hukunta shi. In babu kasuwa ai babu mai kawo haja. Duk wani sassauci buɗe ƙofa ne.

Anti Zulai
Ɗana Ibrahim, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amma bari in gaya maka abin da ke faruwa idan an kai samame, domin na daɗe ina aiki da matan da aka dawo da su. Magajiya ba ta kwana a gidan. Kawali yana da mai ba shi labari tun kafin mota ta taso. Namijin da aka tarar a ɗaki ya san yadda zai yi ya fita kafin gari ya waye. Wadda ke kwana a ofishin 'yan sanda ita ce yarinyar. Idan baƙuwa ce ba ta da takardu, sai a tusa ƙeyarta zuwa ƙasarsu, bashin yana nan a kanta, waɗanda suka kai ta kuma sun san gidan mahaifiyarta. Wasu ba sa rufa shekara sun sake kama hanya, domin ana ta yi wa iyayensu barazana.

Kuma ka san abin da magajiya ke fara gaya musu ranar da suka sauka? "Kika kuskura kika je wurin 'yan sanda, ke za su ɗaure." A ƙasar da doka ke kama macen, maganar nan gaskiya ce. Ka ga dokar da aka yi don kawar da ɓarna ta zama makami a hannun mai ɓarnar.

Malam Sabo
Allah ya saka wa Anti da alheri. Malam Ibrahim, babu mai jayayya da kai kan haramci. Sai dai addini da kansa ya bambanta wanda ya tilasta da wadda aka tilasta. Ka duba aya ta 33 a Suratun Nur. Allah ya hana a tilasta wa kuyangi yin karuwanci don neman abin duniya, sannan ya rufe ayar da gafara da jinƙai bayan an tilasta musu, kuma malaman tafsiri sun ce gafarar ta matan ce. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ayar ta sauka ne kan Abdullahi bn Ubayyu, wanda yake tilasta wa kuyanginsa, Musaika da Umaima, suka kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka lura, sun sami inda za su kai kuka, kuma ba su ne aka hukunta ba. Duk tsarin da wadda aka zalunta take tsoron hukuma fiye da yadda take tsoron azzaluminta, akwai gyara a cikinsa.

Ibrahim K.
Na ji Malam. To amma ta yaya za a gane wadda aka tilasta? Ai kowace aka kama cewa za ta yi tilasta mata aka yi.

Barista Nura
Akasin haka ne ya fi yawa, Malam Ibrahim. Wadda aka yi safararta ita ce ta fi musantawa, domin tsoro.

Akwai ma'auni a dokar duniya. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 2000 ta fara aiki a Disamban 2003, ta ce safarar mutane na tabbata idan abu uku sun haɗu. Akwai aikin, wato ɗauko mutum ko jigilarsa ko ajiye shi ko karɓarsa. Akwai hanyar da aka bi, ƙarfi ko barazana ko yaudara ko amfani da raunin mutum. Sai manufar, wato ci da guminsa. Idan an bi ɗaya daga hanyoyin nan, cewar "ai da yardarta ta zo" ba ta wanke kowa. Idan kuma ba ta kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar a nemo yaudara ko tilas. Ba sai an ƙetare iyaka ba kuma, ana safarar mutum a cikin ƙasarsa.

Yarjejeniyar da gangan ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta hukunci kan karuwancin manya, domin wakilai sun kasa daidaitawa a kai. Daga nan rabuwar da Maryam ta ambata ta ci gaba.

Ni ina tare da hanyar Suwidin, kuma ga dalilina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke aikin tilas, miliyan 6.3 daga cikinsu a karuwancin dole, kusan huɗu cikin biyar mata ne da 'yan mata. A rahotonta na 2024 ta ce ribar haram da ake ci daga aikin tilas ta kai dala biliyan 236 a shekara, kuma kashi 73 cikin ɗari daga karuwancin dole take fitowa. Kuɗin nan daga aljihun wa suke fita? Daga na mai saye. Shekara da shekaru ana bin mace da bulala ana barin shi yana tafiyarsa cikin mutunci. Suwidin ta juya abin. Binciken da gwamnatinta ta sa Anna Skarhed ta jagoranta a 2010 ya nuna karuwancin bakin titi ya ragu da rabi. Norwe da Aisilan suka bi a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016, Ayilan a 2017.

Dokta Halima
Barista, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda rahoton Skarhed ya tabbatar da abin da kake so ya tabbatar ba. Bakin titi ya ƙirga. Shekarun 1999 zuwa 2008 su ne daidai lokacin da wayar salula da intanet suka shiga hannun kowa, harka ta tashi daga titi ta koma ɗakuna da shafukan talla. Raguwar waɗanda ake gani ba ta nufin raguwar waɗanda ke ciki.

Ni ta fuskar lafiya nake kallon abin. Idan namiji yana tsoron kamu, shi ke zaɓen wuri, kuma lungu mai duhu zai zaɓa. Ba zai ba da lambar wayarsa ta gaskiya ba, ba zai tsaya a yi ciniki a tsanake ba balle ta karanci take-takensa. Masu ɗan tsoron doka sun janye, masu mugun hali su ne suka saura, ita kuma tana da kuɗin haya a gabanta, sai ta karɓi wanda a da za ta kora, ta yarda da abin da a da ba za ta yarda ba, har da rashin kwaroron roba. Ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde ta yi bincike a Faransa a 2018, mafi yawan matan da aka tambaya suka ce kuɗin shigarsu ya faɗi, rayuwarsu ta ƙara tsanani. A Norwe kuma Amnesty International ta rubuta a 2016 yadda 'yan sanda ke matsa wa masu gidajen haya su kori matan ko a tuhume su da kawalci. A takarda ba ta da laifi, amma ga ta a titi da kayanta, sau da yawa kuma baƙuwa ce.

Mujallar likitoci ta Lancet a 2014 ta ƙiyasta cewa cire hukunci gaba ɗaya zai iya hana kashi 33 zuwa 46 cikin ɗari na sababbin kamuwa da cutar ƙanjamau tsakanin matan da masu zuwa wurinsu cikin shekara goma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Barista Nura
Dokta, korafin nan an kai shi har kotu. Mutum 261 suka kai Faransa ƙara a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a Yulin 2024 kotun ta ce dokar ba ta keta haƙƙinsu ba. Kuma kada a manta dokar Faransa ta 2016 ita ce ta soke laifin da ake kama mata da shi na jan hankalin maza a titi. Tarar Yuro 1,500 ta koma kan mai saye.

Dokta Halima
Kotun ta ce ƙasa na da hurumin zaɓen hanyarta tunda Turai ba ta daidaita a kai ba, ta kuma ce wajibi ne hukumomi su ci gaba da duba tasirin dokar. Ba ta ce matan sun fi samun tsaro ba.

Kabiru M.
Ku ba ni dama in sa baki kan halattawa, domin kada wani ya ji maganar Dokta ya ɗauka Jamus ce abin koyi. Dokar 2002 an yi ta da fatan mata za su sa hannu a kwantiragin aiki, su shiga inshorar lafiya da fansho, su iya kai ƙarar wanda ya ƙi biya. Da gwamnati ta duba sakamako a 2007, sai ta tarar kusan babu wadda ta yi kwantiragin. Waɗanda suka ci moriyar dokar su ne masu manyan gidaje. A shekarar ce kuma Romaniya da Bulgeriya suka shiga Tarayyar Turai, 'yan mata daga ƙauyukan talakawa suka yi ta kwarara, farashi ya karye. Har aka kai ga gidajen da namiji zai biya kuɗi sau ɗaya ya yi yadda ya ga dama da ko mata nawa. Abin ya yi muni har a 2017 aka kawo sabuwar doka da ta hana irin wannan, ta wajabta kwaroron roba, ta ce kowace mace ta yi rajista. A ƙarshen 2019 kimanin 40,400 ne suka yi rajistar, mafi yawansu baƙi, kuma kowa ya san na waje sun fi haka.

Holan ma ta ga nata. A shari'ar da ake kira Sneep a 2008 an gano wani gungu da ya tilasta wa mata fiye da ɗari, kuma matan a tagogin ɗakunan karuwanci masu lasisi suke tsaye, hukuma na wucewa tana duba takardu. Yarinya tana da fasfo, ta kai shekaru, ta ce da son ranta ta zo, mai duba ya sa hannu ya tafi. Wanda zai karɓe kuɗin da daddare yana tsaye a ƙetaren titi.

Barista Nura
Madalla Kabiru. Akwai ma binciken Cho da Dreher da Neumayer na 2013 da ya duba ƙasashe 150, ya samu cewa inda aka halatta karuwanci an fi samun rahoton shigo da mutanen da aka yi safararsu. Kasuwa ta faɗaɗa, mata 'yan ƙasa ba sa isa, sai a nemo daga waje.

Dokta Halima
Su kansu masu binciken sun ja kunne cewa alƙaluman safara ba su da ƙwari, domin abin da aka gano kawai ake ƙirgawa. Ƙasar da 'yan sandanta ke aiki za ta fi nuna yawa.

Kuma Kabiru, ni ba Jamus nake karewa ba. Tsarin lasisi yana raba mata biyu, masu takarda da marasa takarda, kuma mafi rauni kullum suna ɓangaren marasa takarda. Senegal tana da rajista tun 1969, mace ta kai shekara 21, ta riƙe katin lafiya, ta riƙa zuwa gwaji. Ya taimaka wajen cututtuka, amma da yawa ba sa yi domin tsoron sunansu ya shiga kundin hukuma, sai su zama abin farautar 'yan sanda. Abin da nake nuni da shi Niu Zilan ne. Can babu rajistar mata, kuma har mutum huɗu za su iya haɗuwa su yi aiki tare ba tare da wani uban gida ba. Tilastawa laifi ce mai tsanani, haka saye daga wadda ba ta kai 18 ba. Kwamitin da ya duba dokar a 2008 bai ga ƙaruwar masu harkar ba, ya kuma ga sun fi iya ƙin wanda ba su so. A 2014 wata ta kai mai gidan da take aiki ƙara kan cin zarafi, aka yanke ya biya ta dalar Niu Zilan 25,000. Beljiyam ta bi wannan sahu a 2022.

Kabiru M.
Dokta, Niu Zilan tsibiri ce mai nisa, ba a shiga da ƙafa ko da kwalekwale. Sannan dokar tasu da ƙuri'a ɗaya ta wuce, 60 da 59, kuma sashe na 19 ya hana mai bizar wucin gadi shiga harkar. Baƙuwa in an kama ta, korarta ake yi. Ke nan yarinyar da Maryam ta tambaya a kanta, ko a can ba ta da bakin magana.

Anti Zulai
Kabiru ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun ɗazu ina karanta ku, Suwidin, Jamus, Niu Zilan, kuma a duk ukun baƙuwar da ba ta da takarda tsoron abu ɗaya take yi, a sa ta a jirgi a mayar. Igiyar da aka ɗaure ta da ita bashi ne da takardu da tsoron abin da zai sami iyayenta. Dokar karuwanci ko wace iri ce ba ta kwance ko ɗaya daga cikinsu.

Ku dubi hanyar Libiya zuwa Italiya. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Najeriya kusan 1,500 da suka sauka Italiya ta teku a 2014. A 2016 suka haura 11,000, kuma hukumar ta ce kimanin kashi 80 cikin ɗari ana kyautata zaton safararsu aka yi. Ana sa su rantsuwa a wurin boka kafin su tashi, a karɓi gashinsu da farcensu, a ce in suka gudu ko suka tona asiri za su mutu ko su haukace. Bashin kan kai Yuro 30,000 ko fiye, ga kuɗin ɗaki, ga na abinci, har wurin tsayuwa a bakin titi biya ake yi. Abin da ya fi ci mini rai, magajiyar sau da yawa ita ma da haka aka kawo ta, ta gama biya ta koma ta sayo wasu. Da Oban Benin, sarkin gargajiya a jihar Edo, Ewuare na Biyu, ya tara bokaye a Maris 2018 ya warware rantsuwoyin ya tsine wa masu yin su, akwai 'yan matan da a lokacin ne suka fara iya buɗe baki. Babu majalisar da ta zauna, tsoron kawai aka cire musu.

Maryam S.
Anti, to akwai ƙasar da ta kama bakin zaren ta wannan ɓangaren?

Anti Zulai
Italiya ta yi abin a yaba a sashe na 18 na dokar baƙi ta 1998. Wadda aka yi safararta tana iya samun izinin zama na ɗan lokaci, a sabunta, daga baya a mayar da shi na aiki ko karatu. Babban abin shi ne ba dole sai ta tsaya a kotu ta ba da shaida ba, ƙungiyar da ke kula da ita na iya nema mata. Aiwatarwa tana da gargada, wani ofishin yana bayarwa wani yana ja, amma tunanin daidai ne. Mace in ta sami wurin kwana, ta ga likita, ta tabbata ba za a kore ta gobe ba, da kanta take fara ba da labari. A wurare da yawa kuwa ciniki ake yi da ita: ki ba mu sunaye mu ba ki takarda. Yarinyar da ƙannenta ke hannun mutanen nan a gida, ta yaya za ta yarda?

Barista Nura
A nan babu saɓani tsakanina da Anti. Yarjejeniyar Majalisar Turai ta 2005 kan safarar mutane ta tanadi aƙalla kwana 30 na hutawa da tunani, ba a korar mutum a cikinsu, ta kuma ce a samar da hanyar da ba za a hukunta wanda aka yi safararsa kan laifin da aka tilasta masa ba, kamar shiga da fasfon bogi. Faransa ma ta haɗa dokarta da shirin fita daga harkar, da izinin zama na wata shida da ake sabuntawa har shekara biyu. Sai dai tallafin da aka fara da shi Yuro 330 ne a wata, ga sharaɗin sai ta daina kafin a karɓe ta. Wa zai rayu da wannan a Faransa? Waɗanda suka shiga kaɗan ne idan aka kwatanta da mutum 30,000 zuwa 40,000 da ake ƙiyastawa. Har yanzu ina kan bakana cewa mai saye ya ɗanɗana hukunci, amma hukunta shi ba ya cin kuɗin gwamnati, gina wa mace mafita shi ke ci, kuma nan ne gwamnatoci ke noƙewa.

Ibrahim K.
To in haka ne me zai hana a hukunta wanda ya saya daga wadda aka tilasta kawai, hukunci mai tsanani? Wannan ai ko Dokta ba za ta ƙi ba.

Barista Nura
An gwada. Finlan ta yi haka a 2006, sai aka tarar da wuya a tabbatar namijin ya sani. Ingila da Wales suka ce daga 2010 ko ya sani ko bai sani ba laifi ne, amma dole mai gabatar da ƙara ya fara tabbatar da cewa an tilasta mata, ita kuma tana tsoron magana, don haka shari'o'in ba su da yawa. Tarayyar Turai a 2024 ta umarci ƙasashenta su mayar da shi laifi idan mutum ya sani. Za mu ga yadda za ta kaya.

Dokta Halima
Ban ƙi ba Malam Ibrahim. Abin da nake tsoro shi ne dokar da ake yi don a ce an yi wani abu. A 2018 Amurka ta rufe shafin talla na Backpage ta kuma kafa dokar FOSTA don hukunta shafukan talla. Ofishin binciken gwamnati na majalisarsu ya ba da rahoto a 2021 cewa da ƙyar aka yi amfani da sabon sashen hukuncin, kuma bincike ya ƙara wuya domin tallar ta watse zuwa shafukan ƙetare da manhajojin da ba a iya bi.

Kabiru M.
Barista, tambaya ɗaya. Biliyoyin da ka ambata, ina suke shiga? Ban cika jin an ƙwace dukiyar magajiya an ba yarinyar ba.

Barista Nura
Ba ka cika ji ba domin ba a cika yi ba. Yarjejeniyar Palermo a sashe na 6 ta ce kowace ƙasa ta buɗe wa wanda aka yi safararsa hanyar neman diyya, amma galibi kafin a gama shari'a an riga an mayar da ita gida, kuɗin kuma sun zama filaye da gidaje da sunan dangi a wata ƙasa. Bin sawun kuɗi yana da wani amfani bayan diyya. Magajiya tana rubuta bashi a littafi, tana aika kuɗi ta hannun dillalai, tana biyan haya, tana sayen tikiti da sunan yara daban-daban, wayarta cike da saƙonnin barazana. Idan masu bincike suka tattara waɗannan, shari'a ba ta rataya a wuyan yarinya ɗaya mai rawar jiki a gaban alƙali, kuma ko ta janye maganarta ana iya ci gaba. Hakan na buƙatar 'yan sandan ƙasar da aka kai ta da na ƙasar da aka ɗauko ta su yi aiki kan fayil ɗaya, da mai bin diddigin asusun banki, da tafinta, da watanni na haƙuri. Anti, a cikin waɗanda kika karɓa, akwai wadda aka taɓa tuntuɓa daga baya kan maganar diyya?

Anti Zulai
Ban ga ko ɗaya ba, Barista. In akwai lauyoyi a zauren nan da za su iya duba yadda ake shigar da irin wannan buƙata daga nesa, bayan an riga an dawo da mace, su yi mini magana ta akwatin sirri. Ba zan kawo bayanin kowa a fili ba, kuma sai na nemi izinin matan tukuna.